Tambayoyi da Amsoshi kan Karatun Kwatanta Adabi a Jami'a, daga Romantisizim zuwa Bayan-Zamananci

Duk shekara, idan lokacin cike fom ɗin JAMB ya zo, ko kuma ɗaliban aji uku suka fara laluben batun da za su rubuta kundin digiri a kansa, tambayoyi kusan iri ɗaya ne suke dawowa gare ni a nan Gombe. Wasu daga ɗalibai suke zuwa, wasu kuma daga iyaye waɗanda suke tare ni a ƙofar masallaci bayan an idar da salla. Na tattara waɗanda aka fi maimaitawa, na kuma amsa su gwargwadon abin da na gani a shekarun da na yi ina karantawa da karantar da wannan fanni.

Mene ne kwatanta adabi, kuma me ya raba shi da karatun Ingilishi ko na Hausa?

Mai karatun Hausa yana nazarin abin da aka rubuta ko aka rera da Hausa, mai karatun Ingilishi ma haka yake yi a nasa harshen. Mai kwatanta adabi kuwa aikinsa yana farawa ne a kan iyaka, wato inda labari ko salo ko jigo ya ƙetara daga wani harshe zuwa wani, daga wata al'umma zuwa wata. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne Magana Jari Ce, wanda ya fara fitowa a 1937. Abubakar Imam ya ɗebo labarai daga Dare Dubu da Ɗaya, da tatsuniyoyin Jamus da 'yan'uwan nan biyu masu suna Grimm suka tattara, da wasu hikayoyin Gabas, ya sa musu riga da wando na Hausa har yaron firamare ba zai taɓa zaton baƙi ba ne. Tambayar mai kwatance ita ce: me Imam ya zubar, me ya ƙara, kuma me ya sa labarin ya zama wani abu dabam da ya shigo fadar sarki a bakin aku?

Fannin ya kafu a jami'o'in Turai a ƙarni na 19. Tun a 1827 marubucin Jamus Goethe ya yi maganar cewa zamanin adabin duniya ya gabato. Daga baya masanan Faransa suka dage cewa ba a kwatanta marubuta biyu sai an kawo hujjar tarihi cewa ɗaya ya karanta ɗaya ko ya tasirantu da shi. A 1958 René Wellek ya soki wannan tsauri a wani taro a Amurka, yana ganin an mai da adabi tamkar lissafin bashi tsakanin ƙasashe. Larabawa suna kiran fannin al-adabul muƙaran, kuma ɗaliban Larabci da yawa sun san shi ta littafin Muhammad Gunaimi Hilal na Masar. Har yau za ka tarar da malamai a ɓangarorin biyu, saboda haka yana da kyau ɗalibi ya san wanne ne mai duba kundinsa ya fi karkata gare shi.

Romantisizim ɗin nan, karatun littattafan soyayya ne?

A'a, sunan ne kawai yake ruɗar mutane. Romantisizim wani yunƙuri ne da ya taso a Jamus da Ingila a ƙarshen ƙarni na 18, ya bazu zuwa Faransa da Rasha da sauran wurare har wajen tsakiyar ƙarni na 19. Abubuwa biyu ne suka haife shi. Na farko juyin juya halin Faransa na 1789, wanda ya nuna cewa talakawa suna iya tumɓuke sarauta. Na biyu bunƙasar masana'antu, wadda ta kwashe manoma daga ƙauyuka ta cusa su a birane masu hayaƙi. Marubutan wannan zamani sun gaji da ɗaukaka hankali da ƙa'ida da magabatansu suka yi, sai suka juya ga zuciya, da mafarki, da daji da duwatsu, da yarinta, da kuma mutum shi kaɗai yana faɗin abin da yake ji.

A 1798 Wordsworth da Coleridge suka fitar da kundin waƙoƙi mai suna Lyrical Ballads, kuma a gabatarwar da Wordsworth ya ƙara a bugu na 1800 ya ce ya kamata a yi waƙa da harshen da mutane suke magana da shi a zahiri. Shi ya sa makiyaya da mabarata da tsofaffin ƙauye suka shiga waƙar Ingilishi. A 1812 'yan'uwan Grimm suka fara buga tatsuniyoyin da suka tattara, bisa imanin cewa ruhin al'umma yana cikin adabin bakanta, kuma wannan tunani ne ya gangaro har ya zama ginshiƙin tattara tatsuniyoyi da karin magana a ƙasashe da yawa. A 1818 Mary Shelley, tana da shekara 20, ta fitar da Frankenstein, labarin masanin kimiyya da ya haɗa halitta sannan ya gudu ya bar ta. A 1819 kuma Goethe ya fitar da diwanin da ya rubuta bayan ya karanta fassarar waƙoƙin Hafiz na Farisa, abin da yake nuna cewa tun daga tushe wannan yunƙuri yana leƙen Gabas.

Dalilin da ya sa manhajoji da yawa suke farawa daga nan shi ne, a wannan zamani ne aka kafa tunanin da har yanzu muke ɗauke da shi ba tare da mun lura ba, cewa marubuci mutum ne mai baiwa ta musamman wanda dole ya zo da sabon abu nasa na kansa.

Nana Asma'u ta rayu a wannan zamani. Za a iya cewa ita ma 'yar Romantisizim ce?

Wannan ita ce tambayar da na fi so, domin a kanta ne ake gane wanda ya fahimci fannin. An haifi Nana Asma'u a 1793, an haifi mawaƙin Ingila John Keats a 1795, Mary Shelley kuma a 1797. Sa'o'in juna ne, kuma dukansu sun tashi a cikin girgizar siyasa, ita a jihadin 1804, su a yaƙe-yaƙen Napoleon. Amma kama da wane ba ta wane. Asma'u ta yi waƙa da Larabci da Fulatanci da Hausa a cikin wata tsohuwar al'ada wadda take da nata ma'auni: karin aruli, da amsa-amo, da tahamisi, da madahu irin na Burda da Ishiriniya. A wannan al'ada, ɗora baitocinka a kan na magabaci daraja ce, kuma mawaƙi ba ya neman a ce shi ne ya fara. Wanda ya ɗauko ma'aunin Wordsworth ya auna ta da shi zai ga kamar ba ta ƙirƙiri kome ba, alhali ma'aunin ne bai dace ba.

Wata ɗaliba ta taɓa kawo mini babi guda da ta rubuta don ta tabbatar da cewa Asma'u 'yar Romantisizim ce, hujjarta kuwa ita ce akwai hawaye da kewa a marsiyyoyinta. Na tambaye ta ko ta karanta marsiyyar Hansa'u ga ɗan'uwanta Sahru, wadda ta girme Romantisizim da fiye da shekara 1,000, kuma hawayen da ke cikinta sun fi yawa. Ta yi shiru, ta koma, bayan mako biyu ta dawo da tambaya mafi kyau: yaya mawaƙin da ya yi imani da tashin ƙiyama yake kukan mamaci, kuma yaya Percy Shelley, wanda ba ya bin addini, ya yi kukan Keats a marsiyyarsa ta 1821? Wannan kwatance ne na gaske, domin ya bar kowane ɓangare da kamanninsa.

Jerin zamunan nan da ake koyarwa tarihin adabin Turai ne, kuma yana da amfani ƙwarai a san shi. Kuskuren shi ne a ɗauke shi tamkar tsani da dole kowane adabi ya hau mataki bayan mataki, har a riƙa tambayar yaushe ne Hausa za ta kai bayan-zamananci.

Me ya biyo bayan Romantisizim?

Abin da ya biyo baya shi ne zahiranci, wato zayyana rayuwa yadda take, da kuɗin haya da bashi da gado da auren dole. Ƙagaggen labari mai tsawo ne ya yi sarauta a wannan zamani, a hannun Balzac da Flaubert a Faransa, da Dickens da George Eliot a Ingila, da Tolstoy da Dostoyevsky a Rasha. Ɗalibanmu sukan fi sakewa a nan fiye da ko'ina, saboda akwai labari mai farko da ƙarshe, kuma matsalolin ba baƙi ba ne.

Littafin da nake so kowa ya karanta a wannan zango shi ne Madame Bovary na Flaubert. Tauraruwar matar wani likitan ƙauye ce wadda ta cika kanta da karatun labaran soyayya tun tana makaranta, sai zaman aure ya gundure ta, ta faɗa cin amana da cin bashi har ta kashe kanta. A 1857 aka gurfanar da marubucin a kotu bisa zargin ɓata tarbiyya, aka kuma wanke shi. Duk wanda ya tuna gardamar da aka tafka a jaridun Arewa a shekarun 1990 kan adabin kasuwar Kano, da zargin cewa littattafan suna hure wa 'yan mata kunne, zai ga cewa tsoron mace mai karatun labari tsoho ne, kuma ba a ƙasar Hausa aka fara shi ba. Sai kuma wasan kwaikwayon Ibsen na 1879, inda matar aure ta rufe ƙofa ta bar mijinta da 'ya'yanta, wanda ba a taɓa karanta shi a aji an tashi lafiya ba tare da musu ba.

Me ya sa littattafan zamananci suke da wuyar fahimta haka?

Da gangan aka yi su haka. Marubutan farkon ƙarni na 20 sun ga Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga 1914 zuwa 1918, ya cinye miliyoyin samari, sun kuma karanta Freud, masanin halayyar ɗan Adam, wanda ya ce mutum bai san rabin abin da ke motsa shi ba. Sai suka daina yarda cewa mai ba da labari zai iya tsayawa a sama ya jera kome daki-daki. A 1922 kaɗai aka fitar da Ulysses na James Joyce, littafi mai shafuka sama da 700 kan yini ɗaya tak a birnin Dublin, da kuma doguwar waƙar T. S. Eliot mai suna The Waste Land, wadda take tsalle daga murya zuwa murya da guntayen Jamusanci da Faransanci da Italiyanci da Sanskirit. A 1925 Virginia Woolf ta fitar da Mrs Dalloway, shi ma yini ɗaya ne a Landan. Kafin su, a 1915, Kafka ya ba da labarin wani ɗan tallan kamfani da ya farka ya tarar ya zama ƙwaro, kuma abin da ya fara damunsa shi ne ya makara zuwa aiki.

Salon da ya fi wahalar da ɗalibai shi ne wanda nake kira kwararar tunani. Yadda nake bayyana shi a aji shi ne, ka ɗauka kana bayan ɗan acaɓa daga Pantami zuwa babbar kasuwa. Idonka ya faɗa kan mai sayar da kankana, sai ka tuna azumin bara, daga nan ka tuna kawunka da ya rasu a cikin watan, kafin ka gama yi masa addu'a hon ɗin tirela ya katse ka, sai lissafin canjin da za a ba ka ya shigo, sai kuma kunyar wata magana da ka faɗa shekara 5 da suka wuce. Ba wanda yake tunani a jere kamar rahoton ofis. Abin da Woolf da Joyce suka yi shi ne rubuta wannan tafiya yadda take. Da zarar ɗalibi ya gane haka, sai ya daina neman labarin ya fara sauraron muryar.

Wannan zamani bai tsaya a Turai ba. A 1947 Nazik al-Mala'ika da Badar Shakir as-Sayyab a Iraƙi suka karya tsarin baiti mai ɗango biyu da Larabawa suka riƙe fiye da shekara 1,000. Chinua Achebe kuma ya ɗauko sunan littafinsa na 1958 daga wata waƙar Yeats na ƙasar Ailan. Akwai kuma abin da bai kamata ɗan Gombe ya manta ba. Joseph Conrad ya buga Heart of Darkness, labarin tafiyar wani Bature cikin kogin Kongo, a mujalla a 1899, shekara 4 kafin sojojin Ingila su kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi, kusa da Bajoga, a 1903. Littafin da ake yabawa a matsayin mabuɗin zamananci da yaƙin da kakanninmu suka gani 'ya'yan lokaci ɗaya ne, kuma Achebe ya faɗi ra'ayinsa mai zafi kan yadda Conrad ya zana mutanen Afirka a laccarsa ta 1975.

Bayan-zamananci fa? An ce masu shi ba su yarda akwai gaskiya ba.

An taƙaita maganar fiye da kima. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, musamman daga shekarun 1960, wasu marubuta suka fara wasa da labari a fili, suna tuna wa mai karatu cewa abin da ke hannunsa ƙirƙira ce. Tun kafin nan, a 1939, Borges na Ajantina ya rubuta labarin wani mutum da ya sake rubuta wani yanki na tsohon littafin Sifaniya Don Quixote kalma da kalma, aka kuma ce nasa ya fi na asali ma'ana. Italo Calvino na Italiya ya fitar da littafi a 1979 mai ɗauke da mafarin labarai 10, ba wanda ya ƙare. A shekarar ce kuma masanin falsafa Lyotard ya bayyana wannan yanayi da cewa rashin amincewa ne da manyan labarai, yana nufin alkawuran da aka yi wa ɗan Adam cewa kimiyya ko gurguzu ko ci gaba za su kai shi tudun mun tsira. Kafin haka, a 1967, Roland Barthes ya yi shelar mutuwar mawallafi, abin da yake nufi shi ne niyyar marubuci ba ita ce take yanke hukunci kan ma'anar rubutu ba.

A ganina abin da ya fi amfani gare mu a wannan zango shi ne littattafan da suke mayar da martani ga tsofaffin littattafai. A 1942 Albert Camus ya rubuta labarin wani Bafaranshe da ya harbe Balarabe a bakin teku a Aljeriya, bai ko ba mamacin suna ba. A 2013 Kamel Daoud ɗan Aljeriya ya sake ba da labarin ta bakin ƙanen mamacin, ya ce sunansa Musa. Haka Ɗayyib Salih na Sudan ya juya tafiyar Conrad a littafinsa na 1966, inda ɗan Afirka ne ya nufi Arewa ya shiga Landan. Sai dai masana irin su Kwame Anthony Appiah sun yi gargaɗin kada a haɗa bayan-zamananci da bayan-mulkin-mallaka a kwano ɗaya, domin wanda aka ƙwace wa tarihi yana neman a tabbatar da abin da ya faru ne.

Game da labari cikin labari da mai ba da labari maƙaryaci kuwa, wanda ya karanta Ruwan Bagaja na 1934, ya ga damfarar da ake yi tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe, ya kuma san Maƙamatul Hariri da ake karantawa a zaurukan malamai, ba zai ɗauka jiya aka ƙirƙiro wannan dabara ba.

Malam, 'yata ce take son wannan karatu. Ba zai taɓa mata aƙida ba?

Alhaji, tambayar tana kan hanya, kuma ba zan ɓoye maka ba: a cikin littattafan akwai zina da kisan kai da shakka game da addini, wasu marubutan ma ba su yarda da Allah ba sam. Amma karanta ra'ayi dabam, ɗaukarsa dabam. Malamanmu na zaure sun daɗe suna karantar da waƙoƙin jahiliyya irin na Imru'ul Ƙaisi, da giyarsu da alfaharinsu, don sanin harshe, ba wanda ya ce sun bar hanya. Abin da jami'a take nema ga ɗaliba shi ne ta bayyana abin da marubuci ya ce daidai, sannan ta auna shi da hujja, kuma tana da 'yancin ta ƙi shi. Shawarata ita ce a riƙa tambayarta abin da take karantawa a gida, a saurare ta, kada ta yanke karatun Islamiyya. Ɗaliban da suka zo da tushe mai ƙarfi a Alƙur'ani da Larabci, a abin da na gani, su ne suka fi iya gardama da Barthes, domin sun riga sun san cewa tafsiri yana da ƙa'idoji.

Harsuna nawa ake buƙata, kuma karatu a fassara ya wadatar?

A al'adar fannin ana son ɗalibi ya iya karanta adabi da harsuna biyu aƙalla, a matakin digiri na uku kuma sau da yawa uku. A nan ne ɗan wannan yanki yake da jarin da bai san yana da shi ba. Yaro daga Kaltungo yakan zo da Tangale da Hausa da Ingilishi, na Dukku da Fulatanci da Hausa da Larabcin makarantar allo, na Yamaltu Deba da Teranci a kan waɗannan. Ɗalibin Landan sai ya biya kuɗi ya koyi abin da wannan ya tashi da shi. Sharaɗin kawai shi ne jin harshe a kasuwa bai isa ba, sai an iya karanta shi a rubuce, an san waƙoƙinsa da karin maganarsa.

Littattafan Rasha da Jamus da Faransa kuwa a fassarar Ingilishi ake karanta su a digirin farko, kuma ba laifi, muddin ɗalibi ya ambaci wanda ya fassara, bai kuma kafa hujja kan zaɓin wata kalma da ba ta marubucin ba ce. Fassarar kanta abin nazari ce. A ajiye Gandun Dabbobi na Bala Abdullahi Funtuwa kusa da asalinsa na George Orwell, ko Daren Sha Biyu na Ibrahim Yaro Yahaya kusa da wasan Shakespeare, za a ga yadda kowane mafassari ya yanke shawara a kusan kowace jimla.

A ina ake karanta shi, kuma me ake nema wajen shiga?

A yawancin jami'o'inmu kwatanta adabi kwas ne a cikin digirin Ingilishi ko Larabci ko Faransanci ko harsunan Nijeriya, ƙwarewa a kansa kuma takan zo a digiri na biyu da na uku. Ɗan Gombe ko Bauchi zai iya dubawa a Jami'ar Jihar Gombe da aka kafa a 2004, da Jami'ar Tarayya ta Kashere da aka kafa a 2011, da jami'ar jiha da ke Gaɗau, sannan tsofaffin jami'o'i na Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri. Digirin shekara 4 ne ga wanda ya shiga ta jarrabawar JAMB, mai takardar NCE kuma yakan fara daga aji biyu. Mai son sashen Ingilishi ya tabbata ya ɗauki darasin adabin Ingilishi tun a sakandare ya kuma samu kiredit, domin rashinsa ya sha mayar da yara gida. Masu Faransanci sukan yi zaman koyon harshe a Badagry. Sauran sharuɗɗan a duba su a ƙasidar JAMB ta shekarar da za a nema.

Ina za a samu littattafan, ga tsada?

Kusan duk abin da aka rubuta a zamanin Romantisizim da zahiranci ya fita daga haƙƙin mallaka, ana sauke shi kyauta a waya daga shafin Project Gutenberg. Na bayan 1950 ne suke da wuya, a nan sai a haɗa kuɗi mutum huɗu ko biyar a sayi kwafi ɗaya a riƙa zagayawa da shi. Ni kaina na taɓa karanta wani littafi a hoton kwafi da aka yi mana a wani shago, sai a ɗakin jarrabawa na gane cewa shafuka 30 na ƙarshe ba su fito ba, na rubuta amsa cike da ƙarfin hali kan matar da ashe ta mutu a babin da ban gani ba. Tun daga ranar nake ƙirga shafi kafin in biya.

Wane irin batu ne ya dace da kundin digiri?

Wanda yake ƙarami, mai littattafai biyu ko uku da tambaya ɗaya. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya buɗe da malamin yana ba almajiransa tarihinsa a Rauta kusa da Bauchi, labari ne na sace yaro da ƙetare Sahara da uwar da ta bi sawun ɗanta har ta faɗa bauta. Idan aka ajiye shi kusa da tarihin rayuwar Frederick Douglass, baƙar fatar Amurka da ya tsere daga bauta, na 1845, za a tambayi me ya sa ɗaya ya ƙare da haƙuri da ilmi, ɗaya kuma da tawaye. Waƙoƙin siyasa na Sa'adu Zungur, mutumin Bauchi da ya rasu a 1958, za su zauna da waƙar da Shelley ya yi bayan kisan masu zanga-zanga a Manchester a 1819. Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu ya dace da doguwar wasiƙar Mariama Bâ ta Senegal ta 1979, domin dukansu kan matar da miji ya yi wa kishiya ya juya mata baya ne. Mai son salon zamani kuma yana da Helon Habila ɗan Kaltungo, wanda littafinsa na 2002 kan zamanin Abacha ya zo a gutsuttsure, ba bisa jerin lokaci ba.

Abin da nake mayarwa ba tare da na gama karantawa ba shi ne kundin da ya jera kamanci a babi na uku, bambanci a babi na huɗu, ya rufe. Wannan ƙidaya ce kawai, sai an faɗi abin da bambancin ya nuna game da al'ummomin biyu.

Wane aiki ake samu da shi?

Koyarwa a sakandare da kwalejin ilmi da jami'a, aikin jarida da rediyo, fassara, gyaran rubutu a kamfanonin ɗab'i, rubutun fim, da aikin gwamnati. Gidajen rediyon ƙasashen waje masu sashen Hausa da ƙungiyoyin agaji suna buƙatar wanda zai juya magana tsakanin Hausa da Ingilishi ko Faransanci ba tare da ta yi ɗoyin fassara ba. Ba fanni ne na yin kuɗi da wuri ba, kuma wanda ya shiga don ya rasa gurbin karatun lauya yakan sha wuya.

Ba zan iya dogara da taƙaitawar intanet in ci jarrabawa ba?

Za ka iya tsallake gwajin farko da ita, wani lokaci har jarrabawar zango. Amma taƙaitawa tana ba ka abin da ya faru ne kawai, alhali tambayoyin aji uku da aji huɗu kan yadda aka faɗe shi suke: wa yake magana a wannan sakin layi, me ya sa jimlar ta katse a nan, me ya sa aka koma baya shekara 30 a tsakiyar shafi. A taƙaice Mrs Dalloway labarin mace ce da ta fita sayen furanni don walimar dare, kuma ba za ka cika shafi biyu da wannan ba. Ranar kare kundi ma, ranar wanka ce da ba a ɓoyon cibi, malamin waje yakan buɗe littafin a inda ya ga dama, ya miƙa maka, ya ce ka karanta sakin layi ɗaya da ƙarfi sannan ka yi bayaninsa. Ma'aunin da nake ba ɗalibai shi ne shafi 30 a kullum, da biro a hannu, bayan sallar asuba kafin a fara hayaniya a ɗakin kwana, a kuma ware littafin rubutu guda don kwafe jimlolin da suka tsaya maka a rai tare da lambar shafinsu.